Rijiyar Baba a Bangon Aji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi kare kundin digirina na biyu ba, wadda mu ɗalibai ke kira sutenans. A jami'armu da ke Lamordé, ƙetaren kogi, aka yi abin.

Aikin nawa ga shi a taƙaice. Akwai rumbunan bayanai a intanet da aka ɗaure su da juna, kowanne da adireshin da na'ura ke aika masa tambaya ya amsa. Mukan ce masa ƙofar tambaya. Matsalar ita ce masu rumbunan ba su cika faɗin inda ƙofar take ba. Ni kuwa na rubuta manhajar da ke yawo da kanta tana gano su. (A lokacin ji nake duk Niamey ba mai kai irin nawa.)

Baba direban taksi ne a unguwar Boukoki, bai taɓa ajiye mota ranar aiki ba. Ran nan ya ajiye, ya sa farar riga, ya ƙetaro gada ya zauna a sahun gaba.

Na haɗa ordinater, wato kwamfuta, da majigi, na saki manhajar. Ta gano ƙofofi a Turai, ta gano a Amurka. Can sai ga wata a Nijar, ta bayanan rijiyoyin ƙauyuka. Na dafa ƙirji na ce wa malaman da ke tantance ni, "Ku shaida, wannan ba wanda ya san da ita sai yau."

Shugabarsu, wata dattijuwar malama mai magana a hankali, ta ce, "To madalla. Aika mata tambaya mu gani."

Na aika. Amsa ta fito a bango da manyan haruffa, da Hausa. Rijiyar Inna, zurfi: kamar haƙurinta. Rijiyar Baba, zurfi: kamar fushinsa, ba a ganin ƙasa.

Sai a nan na tuna. Tun farkon aikin na ƙirƙiri rumbun gwaji a na'urar sashenmu, na cika shi da shirme don in ga ko manhajar na aiki, kuma na manta ban rufe shi ba. Abin da na kira babban bincike, wasan hannuna ne.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Malamar ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, in manhajarka ba ta bambance rumbun gaskiya da na wasa, wa zai yarda da sauran?" Aka ɗage sutenans ɗin sai na gyara.

Baba yana karanta boko sarai. Ya tuƙo mu a motarsa har muka shiga unguwa. Da ya kashe mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe haka kake ganina."

"Baba, wasa ne."

"Na sani. Je ka gyara aikinka." Sannan ya ƙara da cewa, "Na Innarka dai gaskiya ka rubuta."

Na gyara, na koma, na ci. Ya sake zuwa, amma a sahun baya ya zauna.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk ranar da na'ura ta kawo mini daidai abin da raina ke so, nakan fara bincika ko ni na ajiye mata shi.