Azumin Ƙarya a Gaban Kwanon Sulhu

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na ɗauki azumin ƙarya ba, kuma na so a ce na manta.

Lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar Katolika a Tambuwal. 'Ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikatan hanya ne suka fi yawa, sai 'yan gari kaɗan. Shugabarmu, Sista, tana da wata al'ada: in yara biyu suka yi faɗa, ba bulala, sai a zuba musu shinkafa da wake a kwano ɗaya su ci a gaban kowa. Kwanon sulhu muke ce masa. Ni aka ɗora wa kula da tarbiyya, kuma na iya wa'azin zaman lafiya har da kaɗa yatsa (Allah Ya yafe mini).

Maigadin makarantar kuwa yayana ne, Bube, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da ya ɗauki sabon babur ɗina ba izini ya kayar da shi a hanyar Kebbe na daina yi masa magana. Fitila ce kawai ta fashe. Kullum sai ya buɗe mini ƙofa ya gaishe ni, ni ƙaninsa, in wuce kamar na ga turke.

Ashe Sista tana lura. Ran nan a taron safe, ina gama jawabi kan yafiya, ta sa aka kawo kwanon.

"Yau na manya ne," in ji ta. "Malam, Malam Bube, ku zo."

Bube ya wanke hannu, ya zauna a tabarma, ya matsa ya bar mini wuri. Girman kai ya shaƙe ni, na ce, "Sista, yau Alhamis, azumi nika yi."

Ta ba ni haƙuri, har ta yaba wa yara da ibadata. Bube ya rufe kwanon ya tashi.

Da rana ta take, yunwa ta murɗe ni. Na zagaya bayan aji na tsayar da mai fura. Na kafa kai a ƙwarya ke nan, ludayi ma ban jira ba, sai ga Sista da 'yan aji shida za su lambu, Bube na biye da su da bokitin ban-ruwa. Na ɗago, nono har a gashin baki.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sista ta kau da kai. Bube ya dube ni ya ce, "Ashe ni kaka yi ma azumi, ƙanena."

A ƙarshen watan ya ajiye aiki ya koma Kebbe noma. Na yi ta cewa in an yi hutu zan je. Kafin hutun zazzaɓin damina ya ɗauke shi. A kan babur ɗin nan na je jana'iza, da sabuwar fitilarsa.

Abin da na koya bai da yawa: in aka ajiye maka kwano, ka zauna ka ci. Yanzu kam ina azumin Alhamis na gaske, sai dai da magariba ni kaɗai nake buɗe baki.