Ranar da Zoɓon Bilqis Ya Koma Kore

Jama'a, ranar Asabar na ga koren zoɓo da idona, kuma har yau dariya ba ta sake ni ba.

Matata Bilqis ta samu rumfa, karo na farko, a bikin abincin ƙungiyarmu a Birmingham. Muka lodo bokiti biyu tun daga unguwarmu ta Moss Side a wani gari. Sharaɗin council, wato hukumar gari, ɗaya ne: kada ma'aunin tsami, wato pH, ya wuce huɗu da rabi, don ƙwayar cuta ba ta son tsami. In ya wuce, a rufe rumfa.

Na tsoma na'urar gwaji, ta nuna biyu da rabi. Na fara taka rawa.

Sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsafta na ƙungiya, Garkuwan Cikunan Al'umma, ya leƙo.

"Haba Malam! Ana neman huɗu da rabi ka kawo biyu da rabi? Ai faɗuwa ce wannan."

"Ranka ya daɗe, lissafin a juye yake. Ƙaramar lamba, tsami mai yawa. Duk taki ɗaya ƙasa, hydronium, abin da ke kawo tsamin a ruwa, ya ninka sau goma. Taki biyu, goma sau goma. Zoɓon nan ya fi abin da ake nema sau ɗari."

Ya dube ni da tausayi. "Wace jami'a ka ce ka yi?"

Bilqis ta ce, "Alhaji, don Allah a bar min abina."

"Hajiya, taimakonki nake yi. A aro kanwa wajen masu tuwo!"

Yana zubawa, lamba tana hawa, yana kabbara. Uku. Huɗu. Da ya ga abin na tafiya, ya ce gara mu ci da maki mai kyau. Takwas! Zoɓo ya koma launin ruwan kwata.

Jami'ar council ta iso, ta leƙa bokitin, ta tambaya cikin ladabi ko wanke-wanke muke yi.

Allah ya so, tun da aka ambaci kanwa Bilqis ta zauna daram a kan bokiti na biyu, ta ƙi tashi ko don gaisuwa. Shi aka gwada: biyu da rabi. Rumfa ta tsira, zoɓo ya ƙare kafin la'asar.

Mai Girma ya sanar a lasifika cewa sa idon kwamitinsa ne ya kawo nasarar. Na fi kowa tafi. Na ji an ce baɗi shi zai kula da awon hawan jinin dattawanmu, kuma bawan Allah yana son lamba mai tsoka.