Yadda Za Ka Ɓoye Wa 'Yan Garinku Ɗakinka na Gusau

An yi maka canjin wurin aiki daga Bungudu zuwa Gusau, abokinka Tukur kuma ya tafi ƙaro karatu ya bar maka ɗakinsa a unguwar Damba kafin ya dawo. Barka! Abin da ya rage shi ne kada ɗakin ya zama masaukin duk ɗan garinku, Kekun Waje, da ya shigo birni. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin ko kazar garinku ba za ta san ƙofarka ba.

Mataki na 1: Kada ɗakin ya yi kama da na zama

Katifa ɗaya, buta ɗaya, cokali ɗaya. Ka bar tufafinka cikin jaka kamar mai jiran mota. Idan ka ga tabarma ta biyu a bayan ƙofa, kyautar da ita yau. Masana sun tabbatar baƙo yana jin ƙanshin sabuwar tabarma tun daga tasha.

Mataki na 2: Koyi kwatance

Kawu Sahabi zai kira. "Kai yaro, wace shiyya kake zamne? Ina son in taho in ishe ka."

Ka amsa da ladabi: "Damba, Kawu, kusa da masallaci." Ba ka yi ƙarya ba, kowa a Damba kusa da masallaci yake. In ya matsa, ka ce ɗakin aro ne, mai shi na hanya, kuma ko kai a karkace kake kwanciya. Wannan jumla ka maimaita wa kowa, har Inna, don ita ake tambaya.

Mataki na 3: Guji mai shayi

Duk kwatancen duniya wurinsa yake ƙarewa. Ranar da ya ce, "Malam, kamar dai harshen Bungudu nike ji," ka sauya teburi.

Mataki na 4: Kwanon maƙwabta

Hajiya Zulai ta gidan gaba za ta aiko da tuwo, don ba a barin baƙo da yunwa. Ka mayar da kwanon wayam, a ce ba ka da tarbiyya. Ka sa sabulu ko lemo a ciki, ka zama ɗan gida, gobe kai ne mai kafa rumfar suna. Mafita: ka riƙe kwanon. Ba a aiko wa ɓarawon kwano tuwo sau biyu.

Mataki na 5: Ji daɗinka

Sayo tsire, rufe ƙofa, cinye har albasar. Juya fanka ta kalle ka kai kaɗai. Wani lokaci bakinka zai suɓuce ka ce, "Bismillah, ku matso," ka ga ba kowa. Kada ka damu, ciwo ne na sababbi, yana wucewa.

Mataki na 6: Alamar nasara

Waya za ta yi shiru. Sai wata rana a tasha wani direban garinku ya yi maka barka, wai aikin idon Inna ya yi kyau. Wane aiki? Ashe mako guda ta yi a Gusau, tana kwana gidan wata mata 'yar Tsafe da suka haɗu a layin asibiti.

Za ka kira ta nan take: "Inna, don Allah mi ya hana ki gaya mani?"

"Haba ɗana, kai da ko kai a karkace kake kwanciya? Ban so in matse ka ba. Allah shi yi maka albarka."

Ka gama karatu. Tsiren ma zai daina shiga.

Gargaɗi: Ba ruwana da abin da ya biyo baya, kuma ba na karɓar ƙorafi. Ɓuya kaɗai na koyar. Yadda za ka koma Kekun Waje ka haɗa ido da Inna, yanzu da take gani tar, wannan ba ya cikin darasina.