Gadin Geron Suna

Da na dawo Wurno daga makarantar 'yan mata ta En'e, na yi wa kaina alkawarin karanta littafi kullum da hantsi, a inuwar tsamiyar gidanmu. Ranar da Inna ta shanya geron sunan jikanta, na ce ta tafi abinta. Ido ɗaya a littafi, ɗaya a gero, ai wannan ba aiki ba ne wurin 'yar boko.

Labari ya yi daɗi, har na ji kamar yayyafi na sauka a tabarma, na yi murmushi. Ashe bakunan awaki ne.

Inna ta ɗaga tabarma wayam. "Ɗiyata, mi anka rubuta nan da ya fi gero?"

Har yau in akuya ta leƙo gida, yayyena kan ce, "Malama, ɗalibanki sun iso."