Rasuwar Gwaggo Rawaya, Mai Auna Raƙuman Ruwan Skarva

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da bai san inda zai sa ta ba, Rasmie Goudie na tsibirin Skarva, mai kamun ƙaguwa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo Rawaya, wadda rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara tana aiki a bakin mashigar tashar jiragenmu.

Ga waɗanda ba su san ta ido da ido ba, marigayiya tulun ƙarfe ce ruwan ɗorawa, ɗaure da igiyar roba zuwa ƙasan teku. Aikinta lilo. Idan ruwa ya ɗaga ta sai ta ɗagu, idan ya sauke ta sai ta sauka, tana ƙirga tsayin kowane raƙumin ruwa daga kwarinsa zuwa tozonsa. Bayan rabin sa'a sai ta ware kashi ɗaya cikin uku mafiya tsayi, ta fitar da matsakaicinsu, ta aiko da lamba guda. Wannan lambar ake karantawa a hasashen yanayi. Ba ta taɓa cewa babu wanda ya fi haka ba. Kowane ɗan Skarva ya san cikin raƙuma dubu akwai ɗaya da zai kusan ninka abin da ta faɗa.

Mace ce mai gaskiya har ta ɓata rai. Dokar jirgin fito ita ce, idan lambarta ta wuce mita biyu da rabi, ba ya tasowa daga babban tsibiri. Ta hana mu bukukuwa, ta hana mu garin burodi, ta taɓa tsare mana limamin coci mako uku har wa'azinsa ya ƙare ya koma maimaici. Duk da haka ba wanda zai manta ɗan kukanta idan ka gifta ta a kwalekwale, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar tsohuwa na gyara zama.

Ciwon ajalinta gajere ne. Ranar uku ga wata aka ɗauki Osla, matar Rasmie, zuwa asibiti a babban tsibiri, ɓarin jikinta ya shanye. Shi ya tsaya sa tumaki a garke, da niyyar ya bi ta a jirgin washegari. Shekara arba'in da aurensu, ba su taɓa kwana biyu a rabe ba. Washegari Gwaggo ta ce biyu da bakwai, wato mita biyu da ɗigo bakwai. Ta ce biyu da takwas. Kwana tara ta yi tana yawo tsakanin biyu da shida zuwa mita uku cif. Rasmie ya kira Ertie Leask, kyaftin ɗin jirgin, wanda suka yi makaranta tare.

"Haba Ertie, taƙi ɗaya fa! Ruwan da kakarka take wanke dankali a ciki?"

"Ni ban san taƙi ba, ɗan uwa," in ji Ertie. "Ka je ka roƙi Gwaggonka."

Sai ya je. Kwalekwalensa ba zai iya mil talatin zuwa babban tsibiri ba, amma zai iya mil ɗaya zuwa wurin Gwaggo. Ya ɗauki tsohuwar sarƙar anga ya naɗa wa marigayiya a ƙugu, a lissafinsa nauyi zai rage mata tsalle, lamba ta sauko kaɗan. Ta sauko kuwa. Ta ce biyu da huɗu, ta ce ɗaya da tara, mutane suka fara fito da jakunkuna. Daga nan igiyarta ta harɗe da sarƙar, ruwa ya danne ta ga dutse, ta fashe. Ƙararta ta ƙarshe a rediyon tasha tit ce guda ɗaya, doguwa.

Ta rasu ta bar mutum arba'in da ɗaya, da tumaki ɗari shida, da kanti ɗaya wanda babu komai a cikinsa sai gishiri da kyandir. Ta kuma bar wata 'yar uwarta can tsakiyar teku, inda babu dutsen da ke tare iska, kuma da lambar wannan ake mana hukunci yanzu. Ba ta sauko ƙasa da mita huɗu ba tun Talata. Jirgi mai saukar ungulu na wanda yake bakin mutuwa ne, ba na mai kewar matarsa ba. Yau kwana uku ke nan mashigarmu tana kwance lumui, Rasmie yana tsaye a kan gaɓa da rigarsa ta zuwa coci yana kallonta, kuma babu mai shaida masa. Ba wanda ya tsawata masa. Ya fi so a zage shi.

An ciro gawar, tana ɗakin ajiyar raga, an rufe ta da tamfol. Ana karɓar gaisuwa a gidan Rasmie bayan abincin rana. Akwai shayi, babu madara. Za a kai ta makwancinta a babban tsibiri cikin jirgin fito na farko, wanda shi ne kuma zai kawo magajiyarta, ranar da aka samu lambar da za ta ba shi izinin tasowa.

Roƙo ɗaya iyalin suke yi. Duk wanda zai kira Osla a waya, kada ya yi mata ta'aziyya. Ba ta sani ba. Kullum da safe, da bakinta da bai gama dawowa ba, takan tambayi mijinta, "Tsoho, nawa Gwaggo ta ce yau?" Shi kuma yana ce mata biyu da shida.