Ashe Na Gama Koyon Kwamfuta Tun Bara

Jama'a, ku taya ni murna. Yau da hantsi aka sanar da ni cewa ni gwani ne wajen rubuta manhajar kwamfuta, alhali tun da aka haife ni yatsana bai taɓa sauka a kan kwamfuta ba.

Shekara ashirin da shida ina zaune a rumfata da tafireta, ina buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Yanzu kowa da wayarsa, sai in wuni ba mai yi mini sallama sai ƙuda. 'Yata ta fari ta ce a kira 'yan gwangwan su auna tafiretar, ni kuma in koma gida renon jikoki. Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Na rantse a gabanta cewa kafin shekara ta zagayo sai na zama gwanin kwamfuta, in na kasa a ɗauki tafiretar, ni ma a ɗora ni a sikelin.

Sai na tsara wa kaina hanya. Wata ukun farko karatu a wayar wanzami maƙwabcina, duk lokacin da hannunsa ke kan wani. Daga nan in riƙa buga darasin a tafireta, alamomin nan masu ƙugiya da ba ta da su in zana da biro. Maiɗakina na naɗa kwamfuta: in miƙa mata takarda, ta aikata abin da ke ciki, ba ƙari ba ragi. Ran nan na rubuta ta ɗebo ruwa, ta zuba a randa, ta maimaita. Na manta ban rubuta inda za ta tsaya ba. Sai da tsakar gida ta zama tafki. Da na yi magana ta ce ita na'ura ce, ba a ba ta izinin tunani ba, kuma shekara talatin take jiran wannan aikin.

Saura mataki na ƙarshe, in taɓa kwamfuta ta gaske. A nan dole a yaba wa Masu Girma, Allah ya ƙara musu faɗin kujera. Sun gina mana cibiya mai kwamfuta arba'in, an buɗe ta sau uku, kowane Mai Girma da almakashinsa. Har yau ba a cire musu leda ba, kada talaka ya shafa musu maiƙo. Koyarwa kyauta ce, sharaɗi ɗaya tak: wanda ya taɓa amfana ba ya sakewa.

Yau na sa rigata ta fita kunya na je. Malamin rajista ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa, sai ya miƙe ya ba ni hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka gama tun bara. Kai ne ma ka zo na ɗaya."

Na ce ya nuna mini. Ina ganin takardar na gane ta, don ko cikin dubu na san bugun tafiretata. Bara wani masinja ya zo yana haki, a buga masa sunayen mutum ɗari biyar da aka horar, washegari Mai Girma zai karanta a taro. Sunayensa suka ƙare a ɗari huɗu da sittin, ya ce in cike da duk wanda na sani. To, kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Na ɗora kaina a sama, na sa maiɗakina, na sa wanzami, har da kakana da ya rasu tun ba a kawo lantarki ba.

Na rage murya na gaya wa malamin ƙarya ce, ni na buga ta da hannuna. Ya ce takardar tana da hatimi, bakina kuwa ba shi da shi. In ina son gyara, in kawo koke a rubuce. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A hanya na yi kuskuren gaya wa wanzami, kafin in isa gida ya baza labari. Na tarar da 'yata tana guɗa.

"Baba, ka cika rantsuwarka. To gwanin kwamfuta me zai yi da tafireta? Gobe da safe 'yan gwangwan za su zo."

Don haka ga ni a rumfa ina buga takardata ta ƙarshe, ina roƙon Masu Girma su dubi Allah su maido mini da jahilcina kafin gobe. Mai buƙatar manhaja da gaggawa kuwa ya nemi kakana. Shi ya zo na huɗu, kuma ba shi da wani aiki a gabansa.