Takardar Neman Aiki Mai Ƙamshin Tarwaɗa

'Yar'uwa, bi matakan nan, na yi miki alkawari manaja zai kira ki da kansa. Ni ce Adila ta Guri, mai digiri. Kawu ya ce in ban sami aiki ba kafin shinkafa ta fitar da kai, in koma gona korar tsuntsayen jan-baki. Ni kuwa ba don kaɗa gwangwani na yi karatu ba.

1. Gaisuwa
Kada ki faɗa wa mutum da "ina neman aiki" kamar marar tarbiyya. Gaishe shi, ki tambayi iyali, ki yi masa jajen ambaliya. In shafi ya cika, kin fara hankali.

2. Ƙwarewa
Kin taɓa korar tsuntsaye? Rubuta "jami'ar tsaro, sashen sama." Kin wuni kina musu ihu? "Iya hulɗa da jama'a." Ba ƙarya ba ce, kwalliya ce.

3. Kai wa kaka ta sa albarka
Tawa, Yakaka, ta jujjuya takardar ta ce, "Ke Adila, haka za ki je wa babban mutum hannu biyu, da takarda kamar sammaci?"
Na ce, "Yakaka, yanzu cancanta ake dubawa."
Ta ce, "Da cancantar zai ci tuwo?"
Ta cusa bandar tarwaɗa cikin ledar takardar. Kada ki yi musu, ba za ki ci ba.

4. Tafiya
Ruwa ya yanke hanya, sai kwalekwale. Ɗora ledar a ka, rana ta narkar da man kifin a tsanake. Kuliyoyin Haɗeja za su bi ki har ƙofar kamfanin casar shinkafa. Kada ki waiwaya. Manya ake yi wa rakiya.

5. Amsa kira
Manaja ya ce, "Malama Adila? Man kifi ya cinye takardarki, lambar waya kaɗai ta tsira."
Na gyara murya. "Ranka ya daɗe, yaushe zan fara?"
"Juma'a. Kwali guda na tarwaɗa, masu mai irin waccan."

Yanzu Yakaka ke banda, ni ke kaiwa, da sabuwar takarda a ƙasan kowane kwali. Wata rana ɗaya za ta isa a bushe. Gona dai ban koma ba.

Gargaɗi: kira na yi miki alkawari, ban ce kujera ba. In kuliya ta yaga miki gyale, ba ruwana, ki nemi Yakaka. Ni ina ofis, wajen bakin ƙofa.